Tsoron Allura da Labarin Mutumin Ƙarshe da Agana ta Kama

1/ Mutumin ƙarshe da ya ɗauki cutar agana a cikin jama'a, a duk faɗin duniya, ma'aikacin asibiti ne. Rigakafin na nan kusa da shi, kyauta. Da aka tambaye shi me ya hana shi yi, sai ya ce tsoron allura. Ku gyara zama, zaren yau tarihi ne, kuma ya shafi da yawanmu 🧵

2/ In faɗa muku tun yanzu, ni ma ba shiri nake da allura ba. Warin sifirit ɗin nan da ake gogawa a dantse kaɗai ya isa ya sa tafin hannuna ya jiƙe. Shi ya sa na bi sawun abin: daga ina allurar ta fito, me ya sa muke tsoronta, kuma me masana suka gano yana sauƙaƙa ta.

3/ Mu fara da agana, don yawancinmu sunanta kawai muka sani. Zazzaɓi ne mai zafi, sai ƙuraje masu mugunya su rufe jiki har fuska. Mai tsananin cikinta takan kashe kusan 3 cikin kowane mutum 10. Wanda ya tsira, ga zanzana a fuska, wani ma har makanta.

4/ An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta kashe mutum kusan miliyan 300. Ku je ku duba dantsen Kaka ko na wani dattijo a unguwa, za ku ga wani zagayayyen tabo. Lamba ke nan. A wajen da yawansu, shaidar rigakafin agana ce.

5/ Abin da ba a cika faɗa mana a makaranta ba: tun kafin Turawa su san rigakafi, mutanen Afirka, Indiya, Sin da Turkiyya suna da dabararsu. A ɗebo ɗan ruwan ƙurjin mai agana, a yi wa lafiyayye 'yar tsaga, a shafa. Yawanci ya yi ciwo mai sauƙi, ya warke, ba ta sake kama shi.

6/ A 1706, a birnin Boston na Amurka, aka ba wani malamin coci mai suna Cotton Mather wani bawa ɗan Afirka, ya raɗa masa suna Onesimus. Shi ne ya nuna wa Mather tabon da ke hannunsa, ya bayyana masa yadda ake wannan tsaga a ƙasarsu.

7/ Da agana ta ɓarke a Boston a 1721, likita ɗaya, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada. Ya yi wa mutum sama da 240, shida suka rasu. Waɗanda suka kamu haka kawai kuwa, kusan 6,000 ne, 844 suka mutu. Ku yi lissafin da kanku, tazarar ba kaɗan ba ce.

8/ Sai 14 ga Mayu, 1796, a Ingila. Edward Jenner ya ɗebo ruwan ƙurjin wata cutar shanu mai sauƙi daga hannun wata mai tatsar nono, Sarah Nelmes, ya sa wa yaro ɗan shekara 8, James Phipps. Daga baya ya gwada shi da agana, ba ta kama shi ba.

9/ Ku lura fa, duk wannan babu sirinji a ciki. 'Yar wuƙa ce mai tsini ake karta fata da ita, kusan irin aikin wanzami. Jita-jita kuwa tun lokacin ta fara: a 1802 an buga wani zanen barkwanci a Landan da ke nuna shanu na tsirowa daga jikin waɗanda aka yi wa rigakafi 😂

10/ Allura mai rami a ciki sai a 1844 ta bayyana, a hannun Francis Rynd a birnin Dublin. A 1853 Alexander Wood a Edinburgh da Charles Pravaz a Faransa, kowa ta hanyarsa, suka haɗa ta da sirinji. Wato allurar da muke tsoro ba ta kai shekara 200 ba.

11/ Kuma ta da can abar tsoro ce da gaske. Sirinjin gilashi ne ko ƙarfe, a tafasa shi a ruwa a sake amfani da shi. Allurar kauri gare ta, in ta dakushe a wasa ta a ci gaba. In kakanninmu na yamutsa fuska in an ambaci allura, suna da hujjarsu.

12/ Daga shekarun 1950 aka fara sirinjin da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Wani mai haɗa magunguna a Niyu Zilan, Colin Murdoch, ya yi wa na roba rajista a 1956. Ta yau siririya ce, sabuwa fil daga leda, ba ta taɓa shiga jikin kowa ba sai naka.

13/ Mu dawo gida. A 1967 aka ƙaddamar da gagarumin shirin kawar da agana a duniya, kuma ƙasashe 20 na Yammaci da Tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar, na cikin na sahun gaba. A nan an yi amfani da wata na'ura mai suna Ped-O-Jet.

14/ Siffar bindiga gare ta, da ƙafa ake taka ta, ba ta da allura ko ɗaya. Ƙarfin matsi ne ke tura maganin ya ratsa fata. Tana iya yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. A kasuwa, a ƙofar fada, a filin makaranta, layi kawai ake yi.

15/ Sai kuma wata 'yar allura mai baki biyu, kamar ƙaramin cokali mai yatsu, da Benjamin Rubin ya ƙirƙiro a 1965. A tsoma ta a magani, a caccaka dantse sau 15 da sauri. Eh, sau 15 😭 Amma tana tattalin magani sosai, kuma cikin 'yan mintuna ake koya wa mutum aiki da ita.

16/ A gabashin Najeriya ne, ƙarshen 1966, wani likita William Foege ya ga maganin hannunsa ba zai isa kowa ba, sai ya bi masu cutar gida-gida, yana yi wa na kewaye da su kaɗai. Dabarar ta ci, duniya ta ɗauka. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya.

17/ Haka aka yi ta korar ta ƙasa bayan ƙasa, har ya rage sai Ƙahon Afirka. To ga mu a 1977, a garin Marka, bakin teku, kudu da Mogadishu a Somaliya. Akwai wani saurayi ɗan shekara 23, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin.

18/ Abin mamakin, Ali yakan taya ma'aikatan yaƙi da agana aiki, kuma doka ce kowane ma'aikacin asibiti a yi masa rigakafi. Amma jikinsa ba shi da kariya. Wani jami'in da ya yi aikin ya ce an yi masa bai kama ba. Shi kuwa Ali da bakinsa wani labarin ya bayar.

19/ Shekaru da yawa bayan haka ya shaida wa 'yan jarida cewa ba a yi masa ba, domin ya ga alamar abin da zafi, tsoro ya kama shi. Saurayi ne a cikin abokan aiki. Kun san yadda abin yake, wa zai buɗe baki ya ce shi allura yake tsoro?

20/ Ranar 12 ga Oktoba, 1977, wata mota ta tsaya a asibitin ɗauke da yara biyu masu agana, direban na neman kwatance. Ali ya shiga ya raka su. Tafiyar ba ta wuce minti 15 ba. Ɗaya daga cikin yaran, yarinya 'yar shekara 6, ta rasu bayan kwana biyu.

21/ Bayan kwana 10 zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ce maleriya ce. Ranar 26 ga wata ƙuraje suka feso, aka ce ƙaranbau ne, aka sallame shi, tunda kowa na zaton an yi masa lamba. 'Yan uwa da abokai suka yi ta zuwa dubiya.

22/ Da ya gane abin da ke jikinsa ma bai kai kansa ba, don ba ya son a killace shi. Wani abokin aikinsa ne ya kai rahoto ranar 30 ga Oktoba. Nan fa allura ta tono garma. Aka rufe asibitin ga sababbin marasa lafiya, aka sa shingaye a hanyoyin garin.

23/ Aka bi sawun mutum 161 da suka yi hulɗa da shi. Cikin mako biyu aka yi wa mutum 54,777 rigakafi. Ku tsaya ku sake karanta wannan adadin. Tsirar da mutum ɗaya ya kauce wa, ita ce ta jawo aka tsira dantse sama da dubu hamsin.

24/ Allah ya taimaka, irin agana mai sauƙi ce ta kama shi. Ya warke, kuma ba wanda ya ɗauka daga gare shi. In ban da wani haɗari na ɗakin bincike a Birmingham a 1978, ba a sake ganinta ba. Ranar 8 ga Mayu, 1980, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa agana ta ƙare.

25/ Ali bai ɓoye labarinsa ba. Ya shiga aikin rigakafin shan inna a Somaliya, yana bi gari-gari, in ya tarar da iyayen da suka ƙi, sai ya ba su labarin abin da tsoro ya jawo masa. Yana cikin wannan aikin maleriya ta kama shi, ya rasu ranar 22 ga Yuli, 2013. Allah ya ji ƙansa.

26/ Abin da na ɗauka a nan: tsoron kansa ƙaramin abu ne da ake iya lallaɓawa. Ɓoye shi ne ya yi tsada. Da akwai wanda Ali zai iya gaya wa "ni fa tsoro nake ji" ba tare da an yi masa dariya ba, da wataƙila ba mu san sunansa ba a yau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

27/ Kuma masu irin tsoronsa ba kaɗan ba ne. Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike da dama ya nuna mafi yawan yara na tsoron allura, haka kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na 'yan samari da 'yan mata, da kashi 20 zuwa 30 na matasan da suka girma.

28/ Wato in kuna majalisa ku goma, biyu ko uku na ciki, har da mai cika bakin nan 😅 A 2021 masu bincike a Jami'ar Oxford sun ƙiyasta cewa kusan 1 cikin 10 na masu ja da baya daga rigakafin korona a Birtaniya, tsoron allura ne silarsu.

29/ Daga ina yake zuwa? Sau da yawa daga yarinta. An taɓa danne ka, mutum uku sun riƙe, an ce ba zafi, sai ka ji zafi. Ga kuma barazanar gidajenmu: "in ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura." Mu da kanmu muke mai da ma'aikacin lafiya dodo.

30/ Akwai kuma masu suma. Wannan ba raki ba ne, aikin jijiya ne. Da farko zuciya ta buga da sauri, sai kwatsam bugun ya ragu, ƙarfin jini ya sauka, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi ƙasa. Sai jiri, zufa, duhu-duhu a ido. Ƙato ma yana faɗuwa.

31/ Tun 1994 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya ware tsoron jini da allura a matsayin lalura mai zaman kanta. Abin da ya samu suna a asibiti kuwa, an nema masa mafita. Ga waɗanda aka gwada aka ga suna aiki 👇

32/ Na farko, faɗa. Kafin a buɗe leda ka ce, "Sista, ni fa ina tsoron allura," ko "nakan ji jiri." Ba kai ne na farko da ta gani ba a ranar. In kana da tarihin suma, ka nemi a yi maka a kwance. Wannan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce a takardarta ta 2015 kan rage zafin rigakafi.

33/ Na biyu, na masu suma ne. A 1987 Lars-Göran Öst da abokin aikinsa a Suwidin suka fitar da wata dabara: ka ɗaure tsokar ƙafafu, cinya da ciki tamau na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi a fuska. Ka saki na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ka maimaita sau 5.

34/ Wannan yana ɗaga ƙarfin jini, ya hana shi faɗuwar da ke kawo suma. Ka fara gwadawa a gida kwanaki kafin ranar. Sai dai hannun da za a yi wa allurar ka bar shi sake, kamar ba naka ba. Mai hawan jini kuma ya tambayi likita tukuna.

35/ Na uku, in kai ba mai suma ba ne, fargaba ce kawai, numfashi ne abokinka. Ja a hankali ta hanci har ciki ya taso, ka fitar a hankali ta baki kamar kana hura koko mai zafi. Ka kau da kai. Wasu kuma sun fi natsuwa in suna kallo. Zaɓi naka ne.

36/ Na huɗu, ka ba ƙwaƙwalwa wani aikin. Waya na hannunka: karatu, waƙa, wasa, hira da abokin da ya raka ka. Ni lissafi nake, daga 100 ina cire bakwai-bakwai. Ban taɓa kaiwa 72 ba sai in ji an ce "an gama, riƙe audugar."

37/ Na biyar, ƙananan abubuwa masu tasiri. Kada ka je da yunwa ko ƙishirwa. Sa riga mai sauƙin naɗewa. Je da wuri don kada dogon layi ya ba tsoro lokacin girma. Bayan an gama ka zauna minti 15 kafin ka hau babur.

38/ Akwai kuma man shafawa mai kashe zafin fata, irin su EMLA, da ake shafawa kamar awa ɗaya kafin allura. Ka tambayi likita ko mai kemis da ya san aikinsa, ka kuma tabbatar da daidai wurin da za a yi allurar kafin ka shafa.

39/ Wani abu da ya kwantar min da hankali: yawancin allurar rigakafi rabin mililita ce. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 yake ci, wato kashi ɗaya cikin goma na cokali. A dantse ake yi wa babba, a cinya ake yi wa jariri. Ba irin ta mazaunai ba ce da ta sa ka ɗingishi kana yaro.

40/ In tsoron ya kai ko hoton sirinji ba ka iya kallo, ana bin sa mataki-mataki. Yau hoto, gobe bidiyo, jibi ka riƙe sirinji marar allura, gata ka raka aboki. Kowane mataki ka zauna a kai har fargabar ta lafa. Masana halayyar ɗan Adam na yin wannan, wani lokaci a zama ɗaya na 'yan awanni.

41/ Iyaye da yayye, naku ya zo. Jariri a rungume shi, uwa ta ba shi nono lokacin allurar ko dab da ita. Yaro mai wayo a zaunar da shi a cinya, kada a danne shi a kwance. Kada a ce "ba zafi." A ce, "za ka ji ɗan tsira, yanzu za a gama, ina nan tare da kai."

42/ Na san wani zai ce shi ba zafin ne damuwarsa ba, yarda ce babu. Wannan wata magana ce daban, kuma tana da tushe. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo, ya kuma taimaka wajen ƙauracewar ɗigon shan inna a 2003.

43/ Mai irin wannan shakkar haƙƙinsa ne ya yi tambaya a ba shi amsa. Roƙona ɗaya: kowa ya tambayi zuciyarsa wanne ne nasa. Akwai mai tsoron tsini da ya ga faɗin haka da kunya, sai ya ari bakin masu zargi ya ci albasa. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

44/ Me ya sa na damu? Muna zaune ne a tsakiyar yankin sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum kusan 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ya kusan shafe nau'in da ya yi wannan ɓarnar.

45/ A 2023 mashaƙo ya dawo da ƙarfi, Kano ce ta fi jin jiki, kuma da yawan yaran da ya kama ba a yi musu rigakafi ba. A Oktoban shekarar Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa. Duk waɗannan allura ce.

46/ Ko maniyyaci ma sai ya miƙa dantse, don Saudiyya na buƙatar shaidar rigakafin sanƙarau. Ƙasashe da dama kuma sai da katin rigakafin shawara za ka shiga. Gudun allura dai jinkiri ne, wata rana sai an haɗu. Gara a haɗu kana da shiri.

47/ Labari mai daɗi: masana ba su daina neman hanyar da ba tsini ba. Ɗigon shan inna na Albert Sabin tun farkon shekarun 1960 ya nuna ana iyawa, kuma da shi aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali.

48/ A 2024 kuma aka wallafa sakamakon wani gwaji a Gambiya: rigakafin ƙyanda a jikin wani ɗan filasta mai ƙananan tsinaye da ido bai cika gani ba, a manna a fata na 'yan mintuna. Sama da kashi 90 cikin 100 na jariran sun samu kariya. Bai iso asibitocinmu ba tukuna, amma yana tafe.

49/ Kafin ya iso, abin da ke hannunmu ke nan: ka faɗa, ka zauna ko ka kwanta, ka ɗaure tsoka in kana suma, ka saki hannun, ka shagaltar da kanka. In abokinka ya ce yana tsoro, kada ka mai da shi abin tsokana a guruf. Ka ce, "tashi mu je, zan raka ka."

50/ Kuma don Allah, daga yau a daina yi wa ƙanne da 'ya'ya barazana da allura. Wanda kuka san yana ta ɗage rigakafinsa, ku tura masa zaren nan. Ku kuma faɗa min a ƙasa: wace dabara ce ke yi muku aiki? Masu suma ku fito, ba mai dariya a nan 🙏